Kafin Ki Ce Ɗan Wani Bai Ci Gaba Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Habsu, autata, ina gaishe ki da kyau, da fatan kin sauka Gugaram lafiya, hanya ba ta jigata ki ba. Allah ya tsare mini ke a inda idona ba ya kaiwa, ya haɗa ki da maƙwabta nagari, ya sa ki fara aikin malanta a sa'a. Babanki yana sa miki albarka. Yayanku da iyalinsa suna gaisuwa.

Na san za ki yi murmushi ki ce Inna ta zauna rubuta takarda ga salula a hannunta. An ce mini rezo, wato sabis ɗin waya, a wajenku sai an hau tudu, ni kuwa maganar da ke bakina ba ta tsaye ba ce. Ki bari sai kin tashi daga lakwal, an sallami ƴan makaranta, kin ci abinci, kin huta, sannan ki karanta.

Ranar da kike ɗaure kaya na ji kina gaya wa ƙawarki cewa yaran da za a ba ki ƴaƴan makiyaya ne, ba su waye ba, a baya suke, sai kin yi da gaske kafin ki jawo su gaba. Na yi shiru don ban so mu rabu da musu. Ban kuma ga laifinki ba, domin da irin wannan tunanin ni ma na fara, kuma na daɗe a kansa. Shekarun da na yi ina koyar da ƙananan aji a garin nan kafin in yi ritaya, aikina ke nan kullum in dubi ɗan wani in ce wannan ya yi wayo, wannan bai yi ba. Na dace a wasu, na kuskure a wasu. Kurakuran nake so in ba ki, don su suka fi koya mini.

Na zo Arlit amarya daga Damagaram. Babanki lokacin yana aikin wuta a kamfanin haƙar uraniyom, an ba shi gida a unguwar ma'aikata. Ranar farko da na murɗa pampo a cikin ɗaki ruwa ya zubo, tsayawa na yi ina kallonsa, ni da na tashi a gidan da ake jiran ɗan garuwa tun safe. Ga kuran, wato wutar lantarki, dare da rana, ga likita kusa. Na ce a raina duk abin da ake kira ci gaba nan ya sauka, kuma duk abin da masu wannan wuri suka faɗa gaskiya ne.

Da yake ina da takardar gama kwaleji, ina jin Faransanci, sai aka ɗauke ni taimako a makarantar ƴan ƙananan yara ta ƴaƴan injiniyoyi. Shugabar wata Baturiya ce, Madam muke ce mata, mace mai kirki, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Bayan na haifi yayanku na koma aiki da shi a bayana. Ta yi kwanaki tana lura da mu, ran nan ta kira ni gefe.

"Me ya sa ban taɓa jin kin kira sunansa ba?" in ji ta.

Na ce, "Ɗan fari ne, Madam, kuma sunan surukina aka sa masa."

Ba ta gane ba, ni kuma ban san yadda zan yi mata bayanin kunya da Faransanci ba. Ta ce, "Ba kya kallon idonsa, ba kya yi masa hira. Wuni yake ɗaure yana kallon ƙeyarki, da dare kuma kin ce tare kuke kwana. Ta yaya zai san shi mutum ne mai zaman kansa? Yaron da aka rena haka yana makara."

Kalmar makara ce ta shige ni. Ta ba ni ƙaramin gado mai shinge na ɗanta da ya girma, da kwalbar shayar da jarirai, ta koya mini ba da madarar gwangwani a kan agogo. Na yi duk yadda ta ce. Na daina goyo, na janye nono, na sa gadon a ɗaya ɗakin. Yana kuka ina daurewa, ina ce wa kaina tarbiyyar zamani ke nan. Lokacin tsananin zafi ne, kin san zafin garin nan. Ban iya wanke kwalbar yadda ya kamata ba, madarar kuma tana saurin lalacewa. Gudawa ta kama shi. Wata rana da azahar na ɗaga shi na ji ya yi laushi kamar tsumma, maɗigarsa ta faɗa, ko kukan ba ya iyawa.

Madam ce da kanta ta tuƙa mu zuwa likita. Ta tsaya a kanmu har aka sa masa ƙarin ruwa, tana share hawaye tana cewa ita ta jawo. Da ba don motarta da likitan nan ba, da ba ki san yayanku ba. Ki riƙe wannan, kada labarin ya sa ki ɗauke ta muguwa.

Kakarku ta wajen uba ta taso daga Damagaram da jin labari. Da ta shigo ba ta yi faɗa ba. Ta dubi gadon, ta dube ni, ta ce, "Ba ni zane." Ta goya shi, ta ce in zauna in sha kunun kanwa, in riƙa sa shi a ƙirji ko nono zai dawo. Ya dawo, ko da yake ba kamar da ba. Da Madam ta zo dubiya da ɗanta, bayan ta tafi kakarku ta girgiza kai ta ce, "Matar nan tana da tausayi, sai dai ba a rene ta ba. Kin ga yadda take sumbatar ɗanta a gaban mutane? Kuma a ce jariri ya kwana ɗaki shi kaɗai kamar wanda uwarsa ta mutu. Yaron nan nata ina jin tausayinsa."

A lokacin dariya kawai abin ya ba ni. Sai daga baya na ga cewa mata biyun nan kowace tana tausayin ɗan ɗayar, kowace kuma da gaske take. Madam tana renon yaron da zai girma ya bar gida, ya zauna a garin da bai san kowa ba, ya yi magana da bakinsa a gaban manya don ya sami abinci. Kakarku tana renon wanda zai rayu a cikin dangi, ya san wanda ake durƙusa wa. Kowace tana shirya ɗanta don duniyar da ta sani. Kuskurena shi ne na karɓi shawara ban tambayi wace rayuwa aka yi ta dominta ba, kawai don mai ba da ita tana da mota da takardu. Ke ma an cika ki da littattafai a makarantar horon malamai, cewa yaro mai shekara kaza ya kamata ya iya kaza. Ki yi amfani da su, akwai ilimi a ciki. Amma duk sa'ad da kika buɗe, ki tambayi kanki ƴaƴan su wa aka kalla kafin a rubuta.

Za ki zaci wanda aka yi wa haka ba zai yi wa wani ba. Ni na yi.

Bayan wasu shekaru na yi horo, aka ba ni aji a lakwal ɗin gwamnati da ke kusa da Bukoki. A lokacin unguwar ta cika da Abzinawan da fari ya kashe wa dabbobi, sun kafa rumfuna da tabarmi da langa-langa. A cikin yaran da aka kawo mini aji ɗaya akwai wata doguwar yarinya siririya, Minata, shunin mayafin uwarta duk ya rina mata wuya. Na tambayi sunanta, ta sunkuyar da kai. Na nuna mata hotuna a littafi, jirgin ƙasa, gida mai bene, akuya, na ce ta faɗi abin da ta gani, ko motsi ba ta yi ba. Na riƙa buga tebur ina cewa ta dube ni in ina magana. Ko sau ɗaya ban tuna cewa irin wannan maganar aka taɓa yi mini ba. Na mayar da ita bencin baya. Kafin shekara ta raba, na gaya wa direkta, shugaban lakwal ɗin, cewa yarinyar nan ba ta da kan karatu, gara a faɗa wa iyayenta kada su ɓata lokaci. Ya ce in kira su in faɗa musu da kaina.

Uwarta ba ta zo lakwal ba, gida ta biyo ni da la'asar. Ita ce Tekna, wadda kika tashi kina kira Inna Tekna, ranar na fara ganinta. Ta zo da cuku ƙulle a bakin mayafi, ta ajiye mini, muka gaisa gaisuwa mai tsawo irin tasu. Kin san Hausarta, mace da namiji duk "shi" ne a wajenta.

Ta ce, "Malama, me Minata ya yi?"

Na ce, "Ba ta magana. In na yi tambaya ba ta amsawa, ko kallona ba ta yi."

Ta ce, "To mun gode Allah. Ni na koya masa. Yaro ya sa ido cikin idon babba, wannan ai bai tashi a gida ba."

Na ce, "Akuya fa na nuna mata, na ce mene ne wannan, ta yi shiru. Ƴar makiyaya ba ta san akuya ba?"

Tekna ta ja mayafi ta rufe baki tana dariya. Ta ce, "Ya gaya mini. Ya ce malama babba ne, ya san akuya, don me yana tambaya? Ya ce ko wasa ne, ko ana so a kunyata shi. Kuma sunan akuya da Hausa bai zauna a bakinsa ba tukuna, na Nasara kuwa bai taɓa ji ba."

Muna cikin haka yayanku ya shigo a guje, shi sa'an Minata ne. Ya ratsa ta tsakaninmu, ya buɗe firiji ya sha ruwa, ya fara ba ni labarin faɗan da aka yi a filin ƙwallo, ina cewa ya bari yana ci gaba. A lakwal shi ne abin alfaharina, baki kamar rediyo, tambaya ba ta ƙarewa a bakinsa. Da ya fita, Tekna ta juyo gare ni.

Ta ce, "Malama, in faɗi magana, ba za ka ji haushi ba?"

Na ce ta faɗa.

Ta ce, "Yaron nan naka, tun da ya shigo bai gaishe ni ba. Ya sha ruwa bai miƙa wa baƙo ba. Za ka iya bar masa jariri ka tafi ɗiban ruwa? Minata ina bar masa ƙannensa tun safe, in dawo in tarar sun ci, sun yi barci a inuwa. Na ji tausayinka. Na ce malama yana koya wa yaran mutane, nasa bai yi hankali ba tukuna."

Na ji haushi kuwa, har na kasa gaya mata abin da na kira ta dominsa. Da babanki ya dawo daga aiki na kwashe duka na faɗa masa, ina jiran ya taya ni. Sai ya yi dariya ya ce, "To ai an yi kunnen doki. Kin yi wa tata jarrabawa ta faɗi, ta yi wa naki jarrabawa ya faɗi." Kwana na yi ban kula shi ba.

Amma da safe na dawo da Minata gaba, na zaunar da ita kusa da wata yarinya mai jin Hausa da Tamajak, harshen Abzinawa. Na daina tsayar da ita a gaban aji. Na bari ta riƙa amsawa a kan allo, ko ta raɗa wa ƙawarta. Na kuma fara yi mata tambayar da ni kaina ban san amsarta ba, kamar yadda ake kiran abu kaza a harshensu, kuma irin wannan tana amsawa a hankali, idonta a ƙasa. Kada ki zaci ta zama ta ɗaya a aji. Tsaka-tsaki ce, lissafi ya wahalar da ita har ta bar lakwal. Amma ta iya karatu da rubutu sarai, yarinyar da saura kaɗan in kore ta. Yayanku kuma daga ranar na sa shi kai wa baƙo ruwa da hannu biyu.

Don haka, Habsu, idan yaro ya yi miki shiru, kada ki yi saurin rubuta masa hukunci. Ki fara sanin me shirun yake nufi a gidansu. Ki je gidan, ki zauna a tabarma, ki sha shayin ko ya yi miki ɗaci, ki ga me yaron yake yi tun daga safe. Ki koyi gaisuwarsu da harshensu ko da za su yi miki dariya. Kuma ki sani kina auna ƴaƴansu suna auna ki: yadda kike zama, yadda kike dariya, ko kina miƙa abu da hagu. Mu Hausawa muna da wannan hali na ganin duk wanda bai iya harshenmu ba kamar bai gama zama mutum ba, kuma ba ma jin muna yi. Na gane shi a jikina ne kawai don an taɓa yi mini.

Minata ba ta gama firamare ba. Da ubanta ya sake haɗa ƴan awaki da raƙuma, sai ya mayar da ita daji wajen kakarta, can yankin da kike yanzu, Tekna kuma ta zauna a gari da ƙananan tana sayar da cuku. Na roƙe shi har na gaji. Ya ce kakar ta tsufa, dabbobi kuma ba sa jiran hutun lakwal. Minata ta yi kuka ranar tafiya, ni ma na yi. Har yau ban san wanda ya fi gaskiya tsakanina da shi ba.

Na daɗe ina cewa an mayar da ita baya. Sai ga shi da aka rufe mahaƙar Akokan, kin gani da idonki, mutanen da nake ɗauka sun riga kowa isa suna ɗora katifu a kan motoci, wasu ba su san garin da za su nufa ba, don ƴaƴansu nan aka haife su. Gidajen da na tsaya ina kallon pamponsu suka zama kango. A wannan shekarar Minata ta zo gari awon ciki, ta biyo ta gaishe ni. Tana da tantinta, tana da dabbobinta, maganarta tana da nauyi a cikin danginta, ita ke karanta wa matan zangonsu takardar magani. Amma ta gaya mini ta rasa ɗa a hanya, naƙuda ta zo da gardama, likita ya yi nisa. Ban ga wadda za a yi wa kuka ba, ban kuma ga wadda ba ta rasa komai ba. Na tambaye ta ko za ta sa ƴaƴanta lakwal. Ta ce, "Malama, so nake su san rijiya su san littafi. Amma duk wanda ya zo wajenmu, so yake in zaɓi ɗaya."

In kin tambaye ni yau mene ne ci gaban mutum, ba zan fara da kuran da pampo ba, ko da yake ina son su, kuma ina yi wa kowa fatan su. Zan ce mutum ya rayu da lafiyarsa, ya iya abin da zai riƙe kansa da nasa a inda yake, ya kuma sami hanyar zuwa wani wuri in ya so, ba tare da an sa shi ya ji kunyar uwarsa ba. Ki tambayi iyayen yaranki wane irin mutum suke so ɗansu ya zama. Da wuya wani ya taɓa tambayarsu.

Saura Gumar, kuma wannan ya fi mini nauyi, don kuskure ne na wanda yake ganin ya riga ya koyi darasi.

Kin san Gumar, autan Tekna, tare kuka yi rarrafe a tsakar gidan nan. Lokacin ni da Tekna mun zama aminai, ba a kwana biyu ba ta leƙo ba. Ke kin fara surutu da wuri, shi kuwa har kuka kai shekarun da yara ke haɗa zance bai ce komai ba, sai nuni da hannu. Kunnensa kuma yana yawan zubar da ruwa mai wari. Tekna tana ɗiga masa man shanu mai ɗumi, tana cewa kawunsa ma ya daɗe bai yi magana ba, gadon gidansu ne. Wata rana da hantsi kuna wasa, faranti ya suɓuce mini ya faɗi a kan siminti a bayanku. Kin zabura kin fashe da kuka, kaji suka watse. Gumar bai waiwaya ba, ya ci gaba da tura gwangwaninsa.

Na gani, kuma na gane. Na buɗe baki zan yi magana sai Minata ta faɗo mini a rai. Na ce wa kaina, ke dai ba kya daddara, kin sake fara auna ƴaƴan mutane, kowa da yadda yake renon nasa, su yaransu ba masu surutu ba ne. Na ɗauki farantina na shiga ɗaki. Na ma ji daɗin kaina, wai na zama mai girmama al'adar wasu.

An daɗe bayan haka kafin wata ma'aikaciyar lafiya da ta zo rigakafi Bukoki ta duba kunnen ta ce a kai shi Agadas. Na raka Tekna. Likitan ya ce kunnen hagu ya riga ya mutu, na dama saura kaɗan, kuma ciwo ne da magani yake kashewa in an zo da wuri. A mota muna dawowa Gumar yana barci a cinyarta, na gaya mata zancen faranti, don ban iya riƙe shi ba.

Ta ce, "Ka gani?"

Na ce, "Na gani."

"Don me ba ka faɗa ba?"

Na ce, "Na ji tsoro ki ce na raina ku, kamar yadda na yi da Minata."

Ta gyara wa Gumar kwanciya. Sannan ta ce, "Malama, ranar Minata ka yi kuskure, amma ka kira ni, mun yi magana, ya wuce. Wannan ka ga yaro ba shi da lafiya, ka ce al'adarmu ne. Wane mutane ne al'adarsu yaro ya kurmance? Da ɗanka ne, za ka yi shiru?"

Ta yi wata da watanni ba ta taka gidan nan ba, sai da kakarku ta rasu ta zo gaisuwa, ta zauna har aka share makoki, muka ci gaba daga nan.

Wannan shi ne abin da na fi so ki riƙe, don kuskuren masu ilimi ne na yanzu. An koya muku kada ku raina al'adar kowa, kuma daidai ne. Amma akwai rainin da yake zuwa da fuskar ladabi, wato ki ga abin da ba za ki yarda da shi a kan ɗanki ba, ki ce su haka suke. Yunwa ba al'adar kowa ba ce, haka zazzaɓi, haka kunne mai ruwa, haka yarinyar da take son karatu aka hana ta. Yadda za ki bambance kuwa ba wuya: ki yi magana. Ki faɗi abin da kika gani, ki tambaya, ki saurara. In al'ada ce za su gaya miki, wataƙila su yi miki dariya kamar yadda Tekna ta yi mini, ba abin da zai ragu a jikinki. In ciwo ne kin ceci yaro. Kuma a ajinki, tun makon farko, ki lura da wanda ba ya juyowa in an kira shi daga baya, da wanda yake matse ido in yana kallon babban allo.

Sauran labarin kin san shi. An ceto abin da ya rage a kunnen dama. Na riƙa zaunar da shi ta wannan gefen da la'asar ina koya masa baƙaƙe, maganarsa ta fito ko da yake da nauyi, babanki kuma da ya bar aiki ya koya masa haɗa wuta. Yanzu shi ke ɗora wa masu garka, wato lambu, allunan hasken rana da injin ban ruwa, har cikin duwatsun Abzin ake zuwa ɗaukarsa.

Abin da ba ki sani ba shi ne wanda ya faru bayan tafiyarki. Matarsa da kika bari da jego ta yi arba'in, suka zo gaisuwa shi da ita da Tekna. Bayan an ci abinci Gumar ya karɓi jaririn ya kwantar a tabarma, ya shiga madafa da kansa ya ɗauko murfin tukunya da ludayi ya miƙo mini.

Ya ce, "Inna, gwada mini shi."

Na zagaya ta bayan kan yaron, inda ba zai gan ni ba, na buga. Jaririn ya zabura, ya watsa hannuwa, ya tsala kuka. Gumar ba kukan yake saurare ba, fuskar yake kallo. Ya ce in koma ɗaya gefen. Na koma na sake bugawa, yaron ya ƙara ƙarfin kukan. Gumar ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Tekna ta ɗauki jikanta ta miƙa wa uwar, ta ce, "Ya ji. Ya isa haka, ku bar tsorata mini yaro. Ba shi nono."

To Habsu, nan zan tsaya, hannuna ya gaji. Ki kula da sallarki a kan lokaci. Ki tafasa ruwan sha har cikinki ya saba. Kada ki yi tafiyar daji ke kaɗai, ki nemi wata dattijuwa a garin ki riƙe ta uwa. Allah ya kare ki daga sharrin hanya da na mutum, ya ba ki haƙuri da ƴaƴan mutane, ya sa su amfana da ke, ke ma ki amfana da su. Allah ya dawo mana da ke lafiya, ya yi miki albarka duniya da lahira. Amin.

Ni ce mahaifiyarki,
daga Arlit.